Koren Layin Alhaji Mijinyawa

"Kai ne, Mijinyawa! Kai ka raba yaron nan da aikinsa, kuma wallahi yau ni da kai ne a garin nan!"

Da wannan maganar Hajiya Saratu ta faɗa shagon kago, wato na aika kaya, na Alhaji Mijinyawa da ke Al Buteen, ko sallama babu. Masu ɗaure kaya suka tsaya da igiya a hannu. Wasu 'yan kasuwar Kano biyu da ke zaune kan kwalaye suna kurɓar shayi suka dubi juna, suka dubi ƙofa, amma ba wanda ya tashi, don irin wannan kallon ba kullum ake samunsa kyauta a Dubai ba.

Alhaji Mijinyawa ya ture kujera baya. Mutum ne mai jiki, mai furfura a gemu, aminin mijinta marigayi Malam Ado tun suna zaman rumfa ɗaya a Kantin Kwari. Shi ya yanka ragon sunan Mu'awiya da hannunsa. Mu'awiya kuwa ɗan fari ne a wajen Hajiya Saratu, shi ya sa ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan." Mace ta fito tana faɗa a kan ɗan fari a gaban maza, ai ka san abin ya kai inda ya kai.

"Hajiya, shwayya shwayya, bi a hankali. Zauna a kawo miki ruwa."

"Riƙe ruwanka. Shwayya ɗin me? Da za ka kashe mini gida shwayya ka yi?"

Ga abin da ya faru. Jiya ta sauka daga Kano sarin abaya da turaren wuta, kamar yadda ta saba. Sun yi da yaron zai zo gaishe ta ranar hutu. Yau da hantsi a masauki, Talatu mai sarin takalma ta tare ta da fara'a, wai barka da arziki, an ce ɗanki ya ajiye aikin kamfani zai buɗe ofis shi da Alhaji Mijinyawa. Har ta kunna mata muryar Alhajin a zauren 'yan kasuwa na waya, yana cewa, "Ɗanmu Mu'awiya ya sauke aikin bauta, ya gano sirrin kasuwar duniya, mai son shiga ya yi magana." Hajiya Saratu ba ta yi boko ba, amma ta san abu ɗaya game da ƙasar nan: bizar mutum a hannun kamfaninsa take. Ka bar aiki, ka fara ƙirga kwanakinka. Ga matar yaron, Nuriyya, can a Kano da tsohon ciki, tana jiran takardun da sai da albashinsa za su fito. Ta kira wayarsa har yatsa ya gaji, ba a ɗauka ba. Sai ta yafa mayafi.

"Ba ki fahimta ba ne," in ji Mijinyawa. Ya zaro waya ya miƙa mata. "Duba nan. Ke dai duba."

Wani koren layi ne, ya taso daga ƙasa ta hagu yana hawa zuwa dama, sumul kamar an ja shi da zare.

"Mene ne wannan? Hanyar jirgi?"

"Riba ce, Hajiya. Akwai kasuwar da ake sayen alƙawari. Ɗanyen mai, alkama, zinariya, auduga. Ka saya yau a farashin yau, kayan sai nan da wata uku. Kafin lokacin ka sayar da alƙawarin ga wani. Yaronki ya ƙera ƙa'ida a kwamfuta: in farashi ya kama hawa a bi shi, in ya juya a sauka, ba gardama, ba son zuciya. Ya ɗauko farashin shekaru masu yawa da suka wuce ya gwada ta a kai. Abin da ta ba shi ke nan. Kin ga inda ta faɗi? Babu."

"Alkamar ina take?"

"Ba a ganin alkamar."

"Auduga fa?"

"Hajiya, ba a taɓa kaya a wannan kasuwar."

"To na ji. Ba kaya, ba buhu, ba awo, sai layi. Kuma a kan layi ka sa magidanci ya bar aikin da ke ci da shi." Ta juya wajen masu shayi. "Ku ku ji fa. Wai ya ci riba a shekarun da suka wuce. Ai ko ni na san atamfar da ta yi kasuwa bara. Wa zai sayar mini da bara in shiga in yi sari?"

Ɗaya daga cikinsu dariya ta ƙwace masa, ya mayar da ita tari.

Mijinyawa ya ɓata rai. "Ni fa uba ne a wajen yaron nan. Alheri nake nufinsa da shi. Har yaushe zai zauna yana ƙirga wa wasu kwantena?"

"Uban da ya haife shi yadi ya auna har ya koma ga Allah, bai taɓa kwana da yunwa ba. Ɗauko makullin motarka."

"Zuwa ina?"

"Kamfanin. Za ka kai ni wajen mai gidansa. In durƙusawa ce zan durƙusa, in kuka ne zan yi. Kai kuma ka fassara, tun da bakinka ya iya kowane yare."

Ya so ya yi gardama, ya dubi fuskarta, ya ɗauki makulli.

Suka kama hanyar Al Qusais, inda kamfanin yake. Rana ta take, kwalta na walƙiya kamar an zuba mai. Hajiya Saratu ta jingina kai da gilashi tana haɗa abin da za ta faɗa. Larabcinta na ciniki ne, nawa, rage, khalas. Turancinta bai kai haka ba. Da wane za ta ce wa baƙon mutum yarona ba shi da rawar kai, zuga shi aka yi? Ta tuna wahalar da aka sha kafin aikin nan ya samu, da yadda Nuriyya ta nuna mata 'yan kayan jarirai tana cewa a Dubai za a sa wa jaririn su. Ta kawar da kai gefe. Ta daure, don ba za ta yi hawaye a motar Mijinyawa ba ko za a mutu.

Kamfanin wani dogon sito ne a layin sito-sito, manyan motoci na shiga da fita. Mai gadi ya fito daga ɗan ɗakinsa. Mijinyawa ya yi masa magana da Turanci, mai gadin ya ɗaga waya ya yi 'yan kalmomi, ya nuna musu inuwa.

"Me ya ce?"

"Wai mu jira."

"Manajan zai fito?"

"Ban sani ba, Hajiya. Sunan yaron kawai na faɗa, bai bar ni na ƙarasa ba."

Tana gyara mayafi, tana shirin zubewa ƙasa in ta kama, sai ƙaramar ƙofa ta buɗe. Wanda ya fito ba manaja ba ne. Mu'awiya ne, da rigar aiki ruwan ɗorawa a kan tasa, katin kamfani na lilo a wuyansa, biro maƙale a kunne. Ya yi turus.

"Umma? Lafiya? Baba, ina wuni. Wani abu ya sami Nuriyya?"

Ta dubi katin. Ta dubi rigar. Ta dafa bangon ɗakin mai gadi. Iskar da ta riƙe tun hantsi ta fita a hankali, ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji.

"Kai, aiki kake yi?"

"Eh mana, Umma. Muna lissafin kaya ne tun safe, wayoyi na cikin akwati."

"Ba ka ajiye ba?"

Ya saci kallon Mijinyawa, ya sunkuyar da kai. "Ban ajiye ba."

"Alhamdu lillahi," ta ce can ƙasa. Ta sake cewa. Da wani ɗan ne da ta rungume shi. Wannan kuwa sai ta kawar da kai ta ce, "Dubi wuyan rigarka. Babu sabulu ne a garin?"

Mijinyawa ne bakinsa ya kasa rufuwa. "Mu'awiya, ba mun yi da kai ranar Litinin za ka kai musu takardar ajiye aiki ba?"

"An yi haka, Baba."

"Ka ce mini to!"

"Na ce to, Baba."

Akwai wani ɗan shagon shayi na Indiyawa a ƙarshen layin. Mu'awiya ya nemi izinin hutun cin abinci, suka zauna can, aka kawo shayin karak a kofunan takarda. Hajiya Saratu ta kurɓa, ta ji daɗinsa har tafin ƙafa, ta tuna ko karyawa ba ta yi ba. Ta sa aka kawo mata burodi da ƙwai. Tana ci tana kallon su biyun, babba ya cika ya yi fam, ƙarami na wasa da bakin kofi.

"Buɗe baki ka yi magana. Ba cinye ka zai yi ba, ina nan."

Mu'awiya ya yi gyaran murya. "Baba, ka yi haƙuri. Layin nan da ke wayarka ba gaskiya ba ne."

"Ƙarya ka zana mini?"

"Ba ƙarya ba ce kai tsaye. Ka tuna na farkon da na nuna maka? Wanda ke hawa yana gangarowa?"

"Mummunan nan. Na tuna."

"Shi ne na ainihi. Ƙa'idar bin farashi haka take. In kasuwa ta miƙe hanya ɗaya, a samu. In ta tsaya tana kai-komo, ba hawa ba sauka, sai ta yi ta yaudararka, ka shiga ta juya, ka fita ta dawo, kana ta ƙananan asara. Ka ga wata shekara da ta yi rami, ka ce ba wanda zai sa kuɗinsa a abu mai rami, a gyara. Na ƙara kwanakin da ake jira kafin a shiga, ramin ya cike. Sai wani ya ɓullo a gaba. Ka ce sukari ne ke jawo shi, a cire sukari. Na cire. Ka ce a cire gahawa ma. Daga nan ka ce a matso da wurin da ake tsayar da asara, na matso, ka ce a mayar baya kaɗan."

"Sau nawa aka yi wannan gyare-gyaren?" Hajiya Saratu ta tambaya da burodi a hannu.

"Na daina ƙirgawa, Umma. Duk ranar hutu Baba na zuwa ɗakina a International City, mu zauna a kai. Matsalar ita ce, mun riga mun san abin da ya faru a shekarun nan. Duk gyaran da muka yi, ramin da muka gani muke kauce wa. Ƙa'idar ba kasuwa ta koya ba, haddace shekarun ta yi."

"Amma ai ta ci!" in ji Mijinyawa.

"Ta ci jarrabawar da aka ba ta amsa, Baba." Ya ciro wayarsa daga aljihu. "Akwai abin da ban gaya maka ba. Tun ranar da na fara, na yanke shekarun baya-bayan nan na ajiye gefe. Ban bar kwamfuta ta gan su ba, ni ma ban leƙa ba. Haka masu aikin ke yi. Sai an gama gyara tsaf a buɗe su, kuma sau ɗaya tak. In ka leƙa ka koma ka gyara, sun tashi daga aiki, sun zama irin na baya. Da ka ce in kai takarda ranar Litinin, sai na buɗe su ranar Asabar."

Ya ajiye wayar a tsakiyar tebur. Hajiya Saratu ta ja ta gabanta. Layin ya ɗan yi sama kamar abin arziki, daga nan ya karkata, ya yi ta gangara da tsalle-tsalle har gindin allo.

"Wannan ko makaho ya shafa ya san rijiya ce," ta ce. Ta tura wa Mijinyawa. "Ga hanyar jirginka."

Mijinyawa ya daɗe yana kallo. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Mummunan fa? Na farkon?"

"Shi ya fi dama. Ya faɗi, ya tashi, ya ƙare sama da inda ya fara da kaɗan. Amma akwai wurin da ya yi watanni yana ƙasa, Baba, watannin da na san ba ɗan kasuwar Al Buteen da zai iya barci a cikinsu. Kuma ban gama sa kuɗin dillalai da na sauya alƙawari in wa'adinsa ya cika ba. In na sa, wataƙila ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Ina kan dubawa a hankali, ina bin sa a takarda ba da kuɗi ba. Har hukuncinsa ban gama tambayar malamai ba. Ba abin da mutum zai bar aiki a kansa ba ne."

Hajiya Saratu ta ajiye kofi. "An karɓi kuɗin wani?"

"Ba a karɓa ba," in ji Mijinyawa, murya ta yi ƙasa. "Suna dai aka rubuta. Na ce sai an yi rajistar ofis."

"Ka rantse."

"Wallahi ko dirhami ɗaya."

Ta jingina da kujera. Sanyin na'ura ya ratsa ta, sai yanzu ta ji shi. Aiki na nan, biza na nan, ba hakkin kowa a wuyan yaron, Nuriyya za ta zo ta haihu kusa da mijinta in Allah ya yarda. Har ta ji tana son ƙarin shayi, ta ɗaga wa mai shagon kofi ta ce, "Habibi, ƙaro ɗaya." Shi ma ya gane.

Sai dai zuciyar Hajiya Saratu ba ta iya kwanciya gaba ɗaya, ko da daɗi sai ta bar ido ɗaya a buɗe. Ta juya kan ɗanta.

"Kai kuma, tun Asabar ka san rijiya ce. Bakinka ciwo yake?"

"Umma, Baba ne fa. Ya riga ya gaya wa mutane. Na ɗauki waya in kira shi, sai in ajiye. Na ce bari in sami ranar da zan je shago in zauna in faɗa masa a hankali."

"Da gyare-gyaren da ka san na banza ne?"

"In ya ce a gyara, ya zan ce masa a'a? Shi ya karɓe ni ranar da na sauka garin nan. A ɗakinsa na kwana har na sami aiki."

"Sai ka yi ta ce masa to, shi kuma yana ɗaukar to ɗinka yana rabawa a kasuwa kamar goron ɗaurin aure."

"Ai da ya faɗa mini," in ji Mijinyawa. "Ni ina na san to ɗin kunya ne?"

"Ba ka sani ba? Kai da ka yi gemu a Kano? Yaro ya sunkuyar da kai ya ce maka to, idonsa na ƙasa, ka ce ba ka san wane iri ba ne? Ka sani sarai. Layin ne ya yi maka kyau, ka ƙi tambaya ta biyu."

Mijinyawa ya juya kofinsa da ya huce. Can ya ce, "Na so in ga ɗan Ado da ofishin kansa kafin in mutu. Shi ke nan laifina."

Maganar ta ɗan taɓa ta, don ta san da gaske yake. Ta tura masa ragowar burodin. Ya gutsura. Mu'awiya ya yi ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauko, har ya yi murmushi karon farko tun fitowarsa.

"Ni ma na huta, wallahi. Kwana biyun nan ko abinci ba na jin daɗinsa. Da safe ma da manaja ya kira ni, na ɗauka shi ke nan."

Kofin Hajiya Saratu ya tsaya a hanya. "Ya kira ka a kan me?"

Ya gane ya yi suɓutar baki, amma magana zarar bunu ce. "Ba wani abu ba ne. Akwai direbanmu ɗan Zinder, ya ji saƙon Baba, ya yi ta taya ni murna a gaban mutane. Maganar ta kai ofis. Manaja ya tambaye ni ko gaskiya ne zan tafi, don in haka ne su fara neman wani kafin sabunta biza. Na ce ba gaskiya ba ne."

"Ya yarda?"

"Ya ce to."

"Ya ce to." Ta ajiye kofin a hankali. "Yau na ga garin da kowa ke cewa to."

Ta miƙe, ta karkaɗe ɓurɓushin burodi daga mayafi, ta saɓa jaka. Ba ta ɗaga murya kamar ɗazu ba, don yanzu cikinta a ƙoshe yake, ranta kuma ya dawo jikinta. Amma mai shagon da kansa ya bar goge tebur ya tsaya.

"Yaron nan ba zai shiga sabunta biza da shakka a kansa ba. Bakin da ya kunna wutar shi zai kashe ta. Tashi, Alhaji. Ga kamfanin can, manajan na ciki. Za ka tsaya a gabansa da furfurarka ka ce kai ka ƙaga maganar, yaro bai taɓa kai takarda ba, bai kuma yi niyya ba."

"Haba Hajiya, ni da girmana? Bari in kira shi a waya gobe."

"Umma, don Allah a bar shi, ni zan..."

"Kai rufe mini baki, ka gama naka." Ta tsaya a kan Mijinyawa, ta nuna ƙofa. "Girman da ya yi shela a kasuwa ai ba zai gagara shiga ofis ba. Ba gobe ba, ba a waya ba. Yanzu, ina tsaye ina kallon bakinka. Yalla, tashi ka je ka amsa abin da ka faɗa."